YAWON KEKE A FADAMAR KEBBE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili cikin jaridarmu mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata 'yar tafiya da na yi bisa keke cikin watan Janairu na 2025, daga nan Tambuwal zuwa fadamar Gulbin Zamfara ta wajen Kebbe. Kwana 3 kaɗai na yi, amma na ga abin da ya faranta mini rai, na kuma ga abin da ya dame ni har yau, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni dai akawu ne, yau shekarata 9 ina zaune bisa kujera ina juyar takardu. Sau da yawa takardun manoman fadama su kan biyo ta teburina, na masu neman taki, da na masu neman injin ban ruwa, da na waɗanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa. Na rubuta kalmar fadama ya fi a ƙirga. Amma da za a ce in faɗi yadda ta ke da sassafe, sai in yi shiru, gama ban taɓa taka ta da ƙafata ba, sai dai in hango korenta ta tagar mota. Wannan kuwa abin kunya ne ga mutumin da ke cin abinci da sunanta.

Akwai wani tsohon keke, Raleigh, da mahaifina ya bari, ya daɗe rataye a zaure gizo-gizo na saƙa a kansa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mai ya fi ƙarfin albashina. Sai na jingine babur, na sauko da keken, na kai wa mai gyara ya sa masa sabuwar kaca da tayoyi da birki. Ran da na fara zuwa ofis da shi abokan aikina suka yi ta dariya, suna cewa akawu ya koma ɗan makaranta. Ba'ar ta yi mini ciwo, ba na ɓoyewa. Amma sai na tuna da wani darasi da malaminmu na labarin ƙasa ya yi mana a makarantar Mishan inda na yi karatu. Ya ce akwai wata ƙasa a Turai, Holan, shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, wajen kashi ɗaya cikin huɗu nata ma teku ya fi ta tudu, sai da ganuwa su ke tare ruwa. Kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, attajiri da talaka kowa na hawa, an kuma yi wa keke hanyarsa dabam wadda mota ba ta bi. In sun sami hutu sai su hau, su bi gefen ruwa suna kallon tsuntsaye da shanu. Na ce a raina, to, mu ma ai Allah ya ba mu ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai ruwa, ga ta nan kudu da mu. Me zai hana in je in gani?

Ga wanda bai san wajenmu ba, Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ribaɗi, tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega. Titin nan ba wurin mai keke ba ne, don in babbar mota ta wuce ka da lodin albasa, iskarta kaɗai ta isa ta jefa ka rami. Saboda haka ran Jumma'a da sassafe na ɗaure guzurina a kariya, watau gorar ruwa, da famfo, da faci da sholisho, da ƙuli-ƙuli da dabino, na ba titin baya na yi kudu. Tsakanin Tambuwal da Kebbe mil 20 ne da 'yan kai. Wannan yanki tudu ne, gonakin gero da dawa an girbe sai kara, ga rairayi wuri-wuri da ke sa mutum ya sauka ya tura. Ba ni da wani abin faɗi a kansa, sai dai cinyoyina sun gaya mini shekara 9 na zaman kujera ba wasa ba ne. Na isa Kebbe kafin azahar, na sauka gidan wani abokina malamin makaranta.

Da yamma abokin nan nawa ya kai ni na gai da mai unguwa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni, ya dubi keken, ya yi murmushi. Sa'an nan ya ce, "Malam, ka bi gulbi ta yamma inda mutane su ke ga aiki. Kada ka ƙetare wajen daji, kuma la'asar ta iske ka cikin gari." Kowa ya san 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi waɗansu ƙauyuka na ƙasar Kebbe, don haka na riƙe maganarsa da hannu biyu. Ya haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 15 mai nasa keken, ya ce ya nuna mini hanya.

Ran Asabar ƙarfe 6 da rabi muka gangara. Jama'a, gani ya kori ji. Da muka bar gidajen ƙarshe sai ƙasa ta sauka sannu a hankali, rairayi ya ƙare, muka hau baƙar laka. Gulbin Zamfara ya biyo ta Gummi ne daga gabas, ya wuce nan ya nufi Jega, daga bisani ya haɗu da Gulbin Sakkwato a cikin Jihar Kebbi. Da damina ya kan cika ya malale wannan fili duka, in ya janye da kaka sai ya bar laka mai taushi da tafkuna nan da can. To, ƙafar mutane da kofaton jakuna da na shanu su ke tattake lakar nan, rana ta gasa ta, kafin tsakiyar hunturu ta zama hanya sumul kamar daɓen ɗaki. Ba hawa, ba gangara, ba dutse. In ka taka feda sau uku sai ka huta keken na tafiya da kansa. Faɗinta bai fi taki 2 ko 3 ba, saboda haka mota ba ta shiga, babur ma sai jefi-jefi. Abokan tafiyarmu su ne jakuna da mangalar taki, da mata Fulani da ƙoren nono a ka, da masu keke irinmu sun ɗauro buhun tattasai. Kowa ka tarar sai an gaisa. Ƙararrawata ma ban buga ta ba sai don wani jaki da ya ƙi ba da hanya.

Hazo ya kwanta bisa ruwa, sanyi na shiga har ƙashi, amma tun a lokacin manoma sun fito. Dama da hagu fangalin albasa ne da tattasai da tumatir, ga shinkafar rani an dasa, ga rake da dankali a gefe. A da da jigo a ke ban ruwa, mutum ya yini yana ɗaga guga. Tun shekarun 1990, sa'ad da Gwamnati da Bankin Duniya suka kawo Shirin Fadama, aka koma ga 'yan gajerun rijiyoyin burtsatse da ƙananan injuna, gama ruwa a kusa ya ke ƙarƙashin lakar nan. Yanzu kuma da mai ya yi tsada na ga waɗansu sun koma injin gas, na ga ɗaya ma mai aiki da hasken rana. Na tsaya wajen wani manomi na tambaye shi kuɗin da ya ke kashewa kafin albasa ta nuna. Ya lissafa mini da yatsu, na ga ashe takardar da ni kan ajiye a tire in ce a dawo jibi, a wurinsa kwana 2 na rashin ruwa ne ga shuka. Wallahi na ji nauyi.

Abin da keke ya fi babur da shi a fadama shi ne shiru. Babur tun daga nesa ya ke korar kome, amma mai keke har ya iso tsuntsu bai ɗaga kai ba. Na wuce zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya cikin ruwa, tsakanina da shi bai fi yadi 10 ba. Na ga balbela fari fat a bayan garken shanu, ga carki bisa tozonsu. A wani tafki da bado da kainuwa suka rufe rabinsa muka tarad da garken kirinjijiya suna ta fito, da dinya biyu a can tsakiya. Akwai kuma waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka a bakin ruwa. Masana sun tabbatar da yawa cikin irinsu baƙi ne, daga Turai su ke ƙetaro Sahara su ci hunturu a fadamunmu, in zafi ya taso su koma. Ka ji tsuntsu ya san darajar wurin nan har ya yi tafiyar dubban mil dominsa, ni da ke mil 20 ban taɓa zuwa ba.

Wajen hantsi muka huta ƙarƙashin wata giyayya inda Sarkawa suka fito da jiragensu. Sun baza kamun safe bisa ciyawa, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, ga homa da goruna an jingine suna bushewa. Wani dattijo a cikinsu yana ɗinkin koma, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Wanga doki naka ba shi son dussa, ba shi son ingirici, ka huta." Muka yi dariya. Na ce, "Baba, tun safe ni ke duba ko in ga gauraka, ban gani ba." Sai ya ajiye zaren ya ce, "Gauraka? Sa'ad da muna yara, in sunka sauka ga fadamag ga, kukansu ka tada mu da asuba. Yanzu jikokina ba su san ta ba sai ga bakin tsohi." Ya nuna mini wani fili da aka shuka albasa, ya ce a da tafki ne da ba ya ƙafewa har bazara, a ciki kifi ke ɓuya ya hayayyafa kafin sabon ruwa. Aka yi ta zuƙe shi da inji, aka yi ta matso shi da gona, har ya tafi. Ya gasa mana karfasa biyu, na miƙa kuɗi ya ƙi karɓa.

To, Edita, ga abin da ya dame ni. Mun yi kamar mil 7 daga Kebbe, muna tafe cikin jin daɗi, sai kawai muka ga shingen ƙaya ya gitta hanya. Wani manomi ya haɗe hanyar da gonarsa, ya ja kunya bisa inda jama'a ke bi. Kafin in ja birki tayar gaba ta taka ƙayar bagaruwa, ta sace nan take. Na zauna gefe na fid da tiyub ina faci. Ina cikin haka sai ga wani saurayi daga ɗaya gefen shingen, yana turo keke, ya ɗora wata tsohuwa a kariya an lulluɓe ta da zane, tana rawar ɗari. Uwarsa ce, zazzaɓi ya kwana 3 yana cin ta, asibitin Kebbe zai kai ta. Ya ce makon jiya ya bi nan lafiya lau. Kewayen da za a yi kuwa ta cikin fangali ne mai ruwa, keke ba ya bi da mutum a kai. Sai ya sauke ta ya goya a baya, ya shiga laka har ƙauri, ni da yaron nan muka ɗauko masa keken muka bi shi. Tsohuwar ba ta iya ko amsa gaisuwa.

Mai gonar na nan yana kallo. Da muka ƙetare na koma na ce masa, "Malam, don Allah ina jama'a za su bi?" Bai yi faɗa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, iyali sun yi yawa, gona ba ta ƙaruwa. Na gabas ya matsa, na yamma ya matsa, ni ɗai ka tsayawa?" Sa'an nan ya ɗauki sanda ya janye ƙayar daidai wurin da keke zai wuce. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, matsi na gani. Amma na san in na tafi, albasa ta yi kuɗi bana, baɗi hanyar nan sai labari. A kan hanyarmu ta komowa na lura da kyau, na ƙirga wurare 4 inda gona ta ci hanya har jaki mai mangala ba ya wucewa sai ya goga shuka. Burtalin da shanu ke bi su sha ruwa shi ma haka ya tsuke. In hanya ta tsuke saniya za ta taka albasa, in ta taka kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya tsakanin manomi da makiyayi.

Muka shiga Kebbe kafin la'asar kamar yadda mai unguwa ya ce. Na leƙa asibiti na tarar an sa wa tsohuwar ruwa, ta buɗe ido. Ran Lahadi na kamo hanyar gida.

Tun da na dawo ni ke tunani. Hanyar nan da na bi don shan iska, ita ce titin dubban talakawa, ta nan albasa ke fita kasuwa, ta nan mara lafiya ke zuwa asibiti, ta nan yara ke zuwa makaranta. Mutanen Holan da kuɗi masu yawa suka gina wa keke hanya a gefen ruwa. Mu kuwa kyauta muka sami tamu, kowace shekara gulbi ya share ta, ƙafar jama'a ta daɓe ta, ba a ba ɗan kwangila ko kwabo ba. Abin da aka samu a banza shi a ke rainawa. Ita fadamar kanta ma duniya ta san darajar irinta. A 1971 ƙasashe suka taru a garin Ramsar na Iran suka ƙulla alkawarin kiyaye wurare masu dausayi, tafkin Nguru kuma shi ne wuri na farko da aka rubuta daga Nijeriya, a 2000. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga abin da ya sami fadamarsu bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, ciyawar kacala ta toshe magudanai. Tamu ba madatsa ke cin ta ba, mu ne da hannunmu, taki ɗaya taki ɗaya. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu, Allah ya ba su nasara, su dubi abin nan. Dokar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko bisa filayen karkara, hakimai da dagatai da masu unguwa kuma su suka san inda kowace hanya da kowane burtali suka bi tun kaka da kakanni. A fita tare da dattawa da ardo-ardo da Sarkin Ruwa, bayan ruwa ya janye kafin a fara shuka, a auna faɗin hanya a kafa alama, a shuka jema ko bishiya a gefenta don kowa ya ga iyaka. A zaɓi 'yan tafkuna a kowace gunduma a ce waɗannan ba a zuƙe su, ba a noma bakinsu. Inda ƙorama ta yanke hanya a sa ɗan kwalbati daidai keke da jaki. Ba na roƙon a zuba kwalta, gama ran da mota ta shiga, mai keke da mai jaki sun koma gefe ke nan. Ni ma a nawa teburin na yi alkawari takardar manomin fadama ba za ta ƙara kwana a tirena ba.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da malamai da 'yan makaranta kuma, ina ba ku shawara ku gwada tafiyar nan. Lokacinta daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da laka ta bushe zafi bai taso ba, don da damina hanyar na ƙarƙashin ruwa. Ku fara gai da mai gari ku tambayi lafiyar hanya, in ya ce kada a je, to, kada a je. Ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku fita da sassafe ku komo da rana tsaka ko bayanta kaɗan. Kada ku manta da famfo da faci, gama ƙaya ba ta san akawu ba. Ku tafi da ruwan shanku. An kawar da kurkunu daga Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida haka a 2013, amma tsargiya na nan cikin ruwan da ba ya gudu, don haka kada sanyin tafki ya ruɗe ku ku shiga wanka. In za ku kwana ku riƙe gidan sauro. In kun tarad da shanu ku sauka ku ba su hanya, kada kuma ku taka kunyar kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Abokan aikina da suka yi mini dariya, biyu cikinsu sun kai kekunansu gyara. Mun shirya in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, hanya kuma ta yi lafiya, za mu tafi tafkin Romo na nan ƙasar Tambuwal, wanda ya yi suna wajen su. In mun dawo zan aiko maka da labari. Ina kuma so in ji daga masu karatu na Argungu da Wurno da Haɗeja, ko su ma gonaki na cin hanyoyin fadamarsu, da dabarar da suka yi.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu Mai Keke,
Tambuwal.